Shaidar Suruki

Ranar bikin jamhuriya aka sa Idirisu ya cire lambarsa a gaban mutane.

Tsofaffin sojojin Damagaram sun jeru a gefen fili tun da hantsi, kowa cikin kakin da ya matse shi a ciki ya yi masa yawa a kafaɗa. A shekarar ƙungiyarsu ta yi sabon shugaba, sabon shugaba kuwa dole ya sami abin gyarawa. Nasa ya same shi da wuri: wasu na sayen lambar yabo wurin wani tela a kasuwa, su maƙala a ƙirji su zo defile, wato fareti. Gaskiya ne, ana yi. Sai ya roƙi biro, wato ofishin da ke riƙe da takardun tsofaffin sojoji, ya turo wanda zai bi layi yana gwada ƙirji da dosiye, takardun aikin kowane soja. Aka turo wata kapitan mai suna Ummul Khairi, mace mai ladabi, irin ladabin da ba ya barin mutum ya sami abin yin fushi da shi.

"Ina kwana, Baba. Sunanka?"

"Kafaral Idirisu Sha'ibu."

Ta duba takardar hannunta, ta duba ƙirjinsa, ta sake duba takardar.

"Baba, ta hagun nan ta kowa ce, duk wanda ya je aikin yana da ita. Amma wannan ta jarumta ce, kuma babu ita a dosiyenka."

"Janar ne ya maƙala mini ita da hannunsa."

"Ban ce ƙarya kake ba. Umarni aka ba ni, abin da ba a rubuce ba a cire shi."

Ta yi ƙasa da murya, amma layin tsofaffi ba ya rasa kunne. Allurar lambar ta yi tsatsa, yatsunsa kuma suka ƙi jin maganarsa. Ya ja, ta ƙi fita. Kapitan ta miƙa hannu ta taya shi, bakin aljihun ya ɗan yage. Ta ɗora masa lambar a tafin hannu kamar mai ba shi goro, ta wuce gaba. Na gaba Mai Nasara ne, abokinsa, wanda ya yi aikin sojansa kaf a madafar wani kanal yana soya albasa. Lambobinsa uku, kuma duk ukun a rubuce suke.

Idirisu bai tsaya defile ba. Ya bi ta bayan masu sayar da ruwa ya fita, hannunsa a kan yagaggen aljihu.

Kafin la'asar labarin ya riga shi isa fadarsu ta Zango, inda suke zaman shayi a gindin bedi.

"Kafaral, telan nan yana da ta janar? Ina so in sa ranar sallah," in ji wani daga cikinsu.

"Ku bar shi," in ji Mai Nasara. "Ni shaida ne ya je yaƙi. Na ga ya dawo da rediyo."

Aka yi dariya. Mai Nasara ya miƙa masa shayi, ya ɗan sassauta.

"Wasa muke, mutumina. Amma kai ma ka taimaki kanka. Shekara da shekaru muna tambayarka me ka yi aka ba ka, sai ka ce ruwa ka shiga. Ni ma ina shiga ruwa duk Juma'a, ba wanda ya ba ni komai."

Idirisu ya shanye shayin ya tashi. Bai sake zuwa fadar ba. Ya koma sallah a wani masallaci mai nisa inda ba a san shi ba. Mai shagon simintin da yake yi wa gadi bai ce masa komai ba, sai dai ya fara leƙa sito kafin ya sallame shi da safe, abin da bai taɓa yi ba.

Abin da ya faru a ruwan ba dogon labari ba ne. Tun Idirisu yana matashin kafaral aka tura kampaninsu kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa ta kurmi can kudu, inda ruwa ba ya jin kunyar kowa. Ajidan ɗin kampanin, babban ƙananan sojoji mai riƙe da takardunsu, shi ne Kolo, mutumin Mirriya, kuma surukinsa ne, don Idirisu na auren ƴarsa ta fari, Ramlatu. A bariki ba abin mamaki ba ne, ƴaƴan manya ƙananan sojoji suke aura. A bakin aiki kaki ya raba musu gardama: ɗaya ya ba da umarni, ɗaya ya sara. In an tuɓe kaki kuwa, Idirisu ba ya cin abinci inda ajidan yake, ba ya haɗa ido da shi, in ya hango shi a hanya sai ya tuna yana da wani uzuri ta ɗaya ɓangaren.

Wata rana kogi ya cika ya rufe gada, direba ya ce ya san hanya. Motar ta kife. Idirisu ɗan ƙauyen Gaffati ne, a tafkin bayan gari ya koyi iyo, abin da uwarsa ta sha dukansa a kai. Ya nutsa ya fito da mutum, ya koma ya fito da wani. Da ya sake komawa sai ya tarar da ajidan a gidan gaba, ɗamarar wandonsa ta maƙale a ƙarfe. Ya yanke ta da wuƙa, ya kama shi ta hammata ya ja. Mutumin ya fito, wando da abin da ke ƙarƙashin wando suka zauna a cikin motar. A bakin ruwa ba ya numfashi. Idirisu ya danna ƙirjinsa, ya sa bakinsa a nasa ya hura, yadda aka koya musu. Ajidan ya amayar da kogi, ya buɗe ido, ya ga wanda ke durƙushe a kansa, ya ga kansa. Idirisu ya tuɓe riga ya rufa masa. Waɗanda ke kusa suka juya baya suna neman bindigoginsu.

Masu rubuta tarihin yaƙi ba sa rubuta irin wannan. Janar ɗin rundunar, baƙo ne, ya ji labari a taƙaice, ya maƙala wa Idirisu lamba ya ba shi takardar shaida. Amma kafin abin ya shiga dosiye a gida, sai ajidan na kampani ya rubuta bayanin abin da ya faru ya sa hannu ya tura. Ajidan Kolo ya tura na hutun kowa, na ciwon kowa, har na wanda ya ɓatar da hula. Wannan ɗaya bai tura ba. Idirisu ya sani, kuma bai taɓa tambaya ba. Takardar janar kuwa Ramlatu ta ajiye ta a ƙarƙashin kwallayenta, shekarar da ruwa ya kayar musu da ɗaki ta zama kunu.

Muddin Ramlatu na raye, mazan biyu ba su taɓa rasa hanyar magana ba. Uban ba ya faɗin sunanta, tun da ta fari ce, balle na mijinta. Sai ya ce, "Ke, ki gaya wa mutumin gidanku a turo buhu, gero ya nuna." Ita kuma ta dawo Zango ta ce, "Tsohon nan ya ce yana kewarka, har ya rame." Tana ƙara gishiri a saƙo ta kowane ɓangare, kowa ya sani, kowa ya ji daɗi. Ita kaɗai Idirisu ya taɓa gaya wa maganar kogin. Ta taɓa cewa za ta yi wa uban zancen takardar, ya hana ta, ta bari. Damina biyu da suka wuce ta faɗi a tsakar gida tana shanya, kafin a kai ta likita ta cika. A zaman makoki surukan suka zauna kan tabarma guda, ana yi musu ta'aziyyar mace guda, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Da aka watse kowa ya koma gida da abin da yake so ya faɗa. Mutane na zuwa su ce wa mutum ya yi haƙuri, su ci shinkafa su tafi, ba mai tambayar wa zai riƙa kai saƙo.

Bayan sati biyu da bikin, Idirisu ya je biron. Kapitan Ummul Khairi ta miƙe ta ba shi kujera.

"Ana gyarawa, Baba, ba kai kaɗai ba ne. Tun da takardar ta lalace, abin da ake so shi ne shaidar wani na gaba da kai wanda ya ga abin da idonsa. Ya zo nan, kana nan, in rubuta, in tura Yamai. Akwai wanda ya rage?"

Laftanan ɗinsu ya rasu. Sarjan ɗinsu biyu ma sun rasu, ɗaya a haɗari ɗaya a kan gadonsa.

"Akwai ajidan," in ji Idirisu.

"Alhamdulillahi. Yana nesa?"

"Mirriya."

"A'a, ai nan ne da nan! Ka ɗauko shi gobe."

Ya yi mata godiya ya fita.

Abu na farko da ya yi shi ne abin da kowane mai hankali zai yi, ya aika. Ya haɗiye fushinsa ya sami Mai Nasara a gida, ya roƙe shi ya je ranar Lahadi, ranar kasuwar Mirriya. Mai Nasara ya dawo da yamma riƙe da sabon tulu.

"Ya ce a ba ka wannan, yana gaishe ka."

"Maganar fa?"

"Na ce masa wata ƴar takarda ce ta soja ake so ya sa wa hannu, ta lambar nan. Ya dube ni ya ce, kai ba kukun kanal ba ne? Har yanzu kana cika wa miya gishiri? Na sake ɗauko zancen, ya ce lokacin azahar ya yi. Wallahi ko inuwa ba ta karkata ba."

Sai Idirisu ya tafi da kansa. Ya sa babbar riga, ya sayi goro da sukari, ya hau ƙaramar motar Mirriya. Tun daga nesa da ƙofar gidan ya cire takalmi. Tsohon na zaune a zaure kan buzu, ya rame, gemunsa ya yi fari fat, amma bayansa a miƙe kamar ana jiran a duba shi. Idirisu ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Barka da hutawa, Baba."

"Yauwa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya mutanen gida?"

"Suna gaisuwa."

Babu mutanen gida, su duka sun sani. Aka gaisa kan sanyi, aka gaisa kan ƙafar tsohon, aka gaisa kan gajiya, aka koma kan sanyi. Tsohon na kallon carbinsa, Idirisu na kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero. Aka kawo ruwa a kwano aka ajiye, bai sha ba.

"Lafiya dai ko?" in ji tsohon daga ƙarshe.

Maganar na bakinsa, ya shirya ta tun daga tasha. Amma ba ta da wata ƙofa sai ta kogin.

"Lafiya lau, Baba. Gaisuwa ce kawai."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Ya ja da baya ya ɗauki takalminsa.

Da abin ya tsaya nan, ba don Hadiza ba. Ita ce ƴar Idirisu ta fari, ungozoma ce a wani ɗakin haihuwa a cikin gari, tana gidan mijinta. Wata rana tana fama da mai naƙuda, uwar mijin matar ta dube ta da kyau ta ce, "Ke ba ƴar mai lambar tela ba ce?" Hadiza ta gama karɓar haihuwar, ta wanke hannu, ta hau kabu-kabu sai gidan ubanta.

"Baba, saya ka yi?"

"Ke, ni kike tambaya haka?"

Shi ma bai taɓa kiran ta da sunanta ba. Wannan ne ya sa ko a zuciyarsa ya kasa kai ƙarar tsohon.

"To in ba saya ka yi ba, me ya hana a gyara?"

"Shaida ake so. Kakanki ne kaɗai ya rage."

"To sai me?"

"Ba a yi."

"Me ba a yi?"

Ya tashi ya ɗauki buta. Ta bi bayansa da kallo, ta ɗaura gyale.

Jika ba ta da shamaki da kakanta. Ta shiga zauren da takalminta, ta zauna a gefen buzun, ta ɗauki goronsa ta ɓara.

"Tsoho, sakina na zo karɓa."

"Af, amarya! Me na yi kuma? Ko wani mai haƙora kika samu?"

"Ko mai haƙori ɗaya ya fi ka. Ana ce wa ubana maƙaryaci a Damagaram, kai kana nan kana jan carbi."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa.

"Wa ya ce?"

"Gari duka. Ranar biki a layi aka sa ya cire lambarsa, a gaban mutane, wai wurin tela ya saya. Ya daina zuwa fada. Masallacin unguwa ma ya daina."

Wannan ɓangaren Mai Nasara bai faɗa ba, shi ma kunya ta hana shi. Tsohon ya dubi ƙofa.

"Ya zo nan," ya ce. "Ya ce gaisuwa ce."

"Kai kuma ka yarda."

Ya ajiye carbin. Can ya ce, "Ranar Talata ki zo ki ɗauke ni. Ki sa a goge mini kakin."

Ranar Talata suka haɗu a biron. Ajidan Kolo ya zo cikin kaki mai ƙamshin akwati, yana dogara sanda. Kapitan ta sara masa, ta sa aka kawo kujeru biyu gefe da gefe. Idirisu ya dubi kujerar ya ce ya fi son tsayuwa, ya tsaya a bakin ƙofa. Hadiza ta jingina da bango a bayan kakanta.

Kapitan ta buɗe bik ɗinta za ta fara rubutu.

"Baba Ajidan, abin da za ka faɗa shaida ce, za ka sa hannu a kai. Sunan sojan da kake ba da shaida a kansa?"

Tsohon ya dubi taga.

"Ga shi nan."

"Na gan shi, Baba. Sai dai ka faɗa da bakinka."

Sai tsohon ya gyara zama, ya karanto lambar aikin Idirisu da Faransanci, tiryan-tiryan, ba gargada. Lambar da shi kansa Idirisu sai ya yi tunani kafin ya tuna ta. Kapitan ta duba dosiye, ta dubi tsohon, ta dubi na bakin ƙofa.

"Surukinka ne?"

"Haka ne."

"Na karɓa. Kakata har ta rasu ba ta faɗi sunan babana ba. To, me ya yi?"

"Motarmu ta kife a kogi. Ya nutsa ya fito da mutane."

"Su wa?"

Ya faɗi sunayen biyun, ya ƙara da Allah ya ji ƙansu. Ta rubuta. Idirisu ya fara jin numfashinsa na dawowa, yana ganin wataƙila a tsaya nan.

"Kai kana ina a lokacin? Yamai za su tambaya yadda aka yi ka gani. Kana bakin ruwa?"

Tsohon ya riƙe sandarsa da hannu biyu. Da ya ce eh, da an gama. Amma mutum ne da ya sayi likkafaninsa ya ajiye, ba zai sa hannu a kan ƙarya ba. Idirisu na hango ƙeyarsa, jijiyoyin wuyan sun tashi, gumi na gangarowa cikin wuyan kakin da ya yi masa yawa.

"Kapitan," in ji Idirisu. "A bar maganar. Saya na yi."

"Baba!" in ji Hadiza.

"Wurin telan nan na saya. Na wahalar da ku a banza, ku yafe mini."

Kapitan ta ajiye bik.

"Ka san abin da kake faɗa? In na rubuta wannan, ƙungiya za ta cire sunanka. Ba za ka sake tsayawa a layi ba."

"Rubuta."

"Kafaral!"

Muryar ba ta tsoho ba ce. Ita ce wadda ta taɓa tayar da kampani guda daga barci.

"Gardabu!"

Jikin Idirisu bai yi shawara da shi ba. Dugadugansa suka haɗu cikin silifas, hannuwansa suka manne da cinya. Ajidan Kolo ya juyo a kan kujera ya dube shi cikin ido, karo na farko tun bakin kogin.

"Wa ya ba ka izinin magana?"

"Babu, Ajidan."

"To rufe bakinka."

Ya juya ga kapitan.

"Rubuta, ƴata. Ba a bakin ruwa nake ba. Ina cikin motar. Ni ne na ukun."

Ya faɗi yadda ɗamara ta maƙale, yadda ruwa ya rufe gilashi, yadda ya yi kalmar shahada ya saki. Ya faɗa a jere, kamar mai ba da rahoton kayan sito. Bik ɗin na ta gudu.

"Saura tambaya ɗaya, Baba, dole ce. Me ya sa ba a tura bayanin a lokacin ba?"

"Ni ne ban tura ba."

"Dalili?"

"Na fito ba wando." Ya nuna ƙugunsa. "Ba komai a jikina daga nan zuwa ƙasa. Mijin ƴata ya gan ni haka. Ya sa bakinsa a nawa. In na rubuta, sai an karanta a gaban kampani, yana tsaye ina tsaye. Na ce gobe. Har na bar aiki ina cewa gobe."

Hadiza ta buɗe baki. Mace ce da ke ganin tsiraicin mutane kullum kafin ta karya kumallo, kuma tun tana rarrafe ba ta taɓa rasa abin tsokanar tsohon nan ba. Ta nemi wasan ta rasa. Ta ja gyalenta ta raɓa ta gefen ubanta ta fita.

Kapitan ba ta ɗaga kai ba.

"Wannan ba sai na sa ba, Baba. Zan rubuta mantuwa ce."

"Ban manta ba. Ko yini ɗaya ban manta ba. Kar ki sa mini ƙarya a baki, na zo ne in cire ta daga bakin wani."

Ta rubuta yadda ya faɗa. Ya sa hannu. Sai ya tuna da na bakin ƙofa, wanda har lokacin yake ƙame, idonsa a kan bango.

"Huta," ya ce, ba tare da ya juyo ba.

A waje Hadiza ta ce ana jiran ta a wurin aiki, ta tsayar da kabu-kabu ta hau ba ta dubi kowa ba. Aka bar su su biyu a bakin titi, ba mai kai saƙo. Tsohon ya kama hanyar tasha da sandarsa, Idirisu ya bi shi daga baya nesa kaɗan, kamar wanda hanya ce kawai ta haɗa su.

Motar Mirriya ta kusa cika. Matakinta na da tsawo. Tsohon ya ɗora ƙafa, gwiwa ta ƙi. Ya sake gwadawa, sandar ta zame. Mutanen ciki na kallo, wata mata ta ce a taimaka wa baba mana.

"Kafaral," ya ce a hankali. "Ɗaga ni."

Idirisu ya matso ya kama shi ta hammata, ta inda ya taɓa kama shi. Wancan karon sai da ya yi da gaske. Yanzu kamar ya ɗauki damin kara. Ya zaunar da shi kusa da taga, ya miƙa masa sandar, ya sauko ya tsaya a gefen motar yana kallon taya.

"Ta sani?" in ji tsohon ta taga, idonsa a kan kujerar gabansa.

"Ta sani, Baba."

"Me ta ce?"

Idirisu ya yi tunanin ƙara gishiri yadda take yi, ya ga bai iya ba.

"Dariya ta yi. Har sai da ta zauna a ƙasa. Daga baya kuma ta yi kuka."

Tsohon ya gyaɗa kai.

"Ramlatu ke nan," ya ce.

Ya faɗi sunan kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Direba ya tayar da mota, ya yi wa mai kaji ihu ya matsa, suka tafi.

Amsar Yamai ta iso bayan damina. Layi ɗaya ne a dosiye da hatimi a ƙasa. Kapitan ta ba shi kwafi, ta kuma rubuta wa ƙungiya. Mai Nasara ya karanta takardar a fada da ƙarfi, ya ce shi dama bai taɓa shakka ba, aka zuba wa Idirisu shayin farko. Mai shagon siminti ya ci gaba da leƙa sito, ya riga ya saba.

"To yanzu ka gaya mana," in ji Mai Nasara. "Me ka yi?"

"Ruwa na shiga."

Da shekara ta zagayo, ranar biki ya tsaya a layi, lambar na kan aljihun da ya ɗinke da kansa, ɗinkin ya karkace. Ƙungiya ta sake shugaba, sabon kuma rufin biro yake gyarawa, don haka ba wanda ya bi layi, ba wanda ya dubi ƙirjin kowa. Ana kaɗa ganga, shi yana tunanin wani ɗaki a Yamai inda bayanin yake ajiye, da duk wani ƙaramin ma'aikaci da zai buɗe shi wata rana ya karanta, ya kira na kusa da shi ya ce zo ka ga wani abu.

Bai sake zuwa Mirriya ba. Hadiza ce ke kai goro da sukari, ta gaida kakanta a durƙushe, da takalminta a waje. Wasan ya mutu a tsakaninsu tun ranar Talatar nan. In ta dawo takan tsaya a ƙofar ubanta ta ce, "Ya ce yana gaishe ka."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan."